Bizar ziyara ba ita ce hanyar kai amarya Ingila ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da mutum biyu: saurayin da ke zaune a Ingila yana shirin zuwa gida ɗaurin aure, da uban da zai ba shi 'ya. Ni ɗan Zariya ne, ina zaune a Coventry tun 2012, kuma a 2022 aka ba ni takardar zaman dindindin bayan na cika shekara goma bisa ƙa'ida. An ɗaura mini aure ranar Asabar 23 ga Disamba, 2023. Matata ba ta tako ƙasar nan ba sai watan Mayun 2025. Kusan wata 17 ke nan, alhali ranar ɗaurin auren, a zauren surukina, da bakina na ce masa: "Baba, in sha Allahu wata uku za ta biyo ni."

Abin da ya sa na rubuto shi ne, makon jiya ƙanen wani abokina ya kira ni daga Birmingham yana murna, wai ya sami ejan a Kano da zai fitar wa amaryarsa bizar ziyara, in ta iso sai a gyara takardu a nan. Sai na ji kamar muryata ce ake sake kunna mini. Na yi masa bayani wajen awa guda a waya, na kuma ga ya kamata wasu ma su ji.

Bizar ziyara da bizar aure kowace da tambayar da take yi. Mai duba takardar ziyara abu ɗaya yake so ya gamsu da shi: wannan mutumin zai koma gida kafin wata shida su cika? Mai duba ta aure kuwa ya riga ya san zama za a zo yi. Shi tambayarsa ita ce ko auren na gaske ne, kuma ko mijin zai iya riƙe matar ba tare da ta jingina da gwamnati ba. To amarya sabuwa fil, mijinta na Coventry, ba ta da aiki, ba ta da ɗa, ba ta da shago ko gona a Zariya, da me za ta gamsar da wani cewa za ta dawo? Duk abin da ke ƙarfafa ta a wajen neman bizar aure, shi ne ke kayar da ita a wajen neman ta ziyara. Kuma ko da an ba ta, doka ba ta yarda wanda ya shigo da bizar ziyara ya juya ta zuwa ta aure yana cikin ƙasar ba. Sai ta koma Nijeriya ta nema daga can. Wannan duk yana rubuce a shafin gwamnatinsu na gov.uk, kyauta, kuma ni da na yi shekara goma sha ɗaya a ƙasar ban tsaya na karanta ba.

Gaskiya kuɗi ne suka ruɗe ni. Biki ya yi mini ƙarƙaf: lefe, sadaki, tikiti, ga 'yan'uwa kowa na ganin wanda ya zo daga Turai da buhun kuɗi ya sauka. A lokacin kuɗin bizar aure fam 1,846 ne, sannan akwai harajin lafiya na fam 624 a shekara, wanda ake karɓar na shekara uku gaba ɗaya. Bizar ziyara kuwa fam 115. Sati biyu bayan biki wani abokin ango ya kai mu wurin wani ejan a Kaduna, ɗan ofis a saman bene, kwamfuta biyu da firinta, da hoton agogon Landan manne a bango. Ya ce: "Alhaji, ai wannan ƙaramin abu ne. Mun kai mutane sun fi a ƙirga." Ya karɓi naira dubu 350 kuɗin aikinsa. Sai ya juyo da fuskar kwamfutar, ya nuna gurbin da ake tambayar ko mutum na da aure, ya ce a nan za mu sa ba ta da shi, kai kuma ɗan'uwanta ne da za ta je wa hutu.

Matata tun da muka shiga ba ta ce uffan ba, tana zaune a gefe cikin hijabi, lallen biki ma bai goge a hannunta ba. Sai ta ɗago ta ce: "Yaya, shekaran jiya aka shafa fatiha a gaban jama'a, yau in sa hannu in ce ba ni da aure? Ni dai a'a." Na ji haushi a ranar, ba zan ɓoye ba, har muka koma Zariya ban yi mata magana sosai a mota ba. Daga baya na gane ita ce ta cece mu. Ƙarya a takardar biza na iya jawo a hana mutum bizar ziyara har shekara 10, kuma tabon yana nan cikin fayil ranar da za a zo neman ta aure. Da mun bi shawararsa, da me za mu ce wa mutanen nan bayan shekara guda, ga takardar aure mai kwanan watan Disamba, ga wata takardar ta watan Fabrairu inda ta ce ita budurwa ce?

Amma ɗaya shawarar tasa na bi. Ya ce asusunta na banki ya yi fayau, a zuba kuɗi. Na ranto, na haɗa da nawa, na tura naira miliyan huɗu rana ɗaya cikin asusun da bai taɓa riƙe dubu hamsin ba. Fasfonta ma ya ci mana sati biyar, saboda sunan mahaifinta a katin NIN da wanda ke takardar makaranta ba iri ɗaya aka rubuta ba. Sai ƙarshen Fabrairu aka shigar da takardu. Muna cikin satin farko na azumi amsa ta zo, shafi biyu. Jami'in ya ce bai ga inda miliyan huɗun suka fito ba, don haka bai yarda nata ba ne. Ya ce bai ga abin da zai dawo da ita Nijeriya ba, tunda mijinta na Ingila. A ƙasa kuma aka rubuta cewa babu damar ɗaukaka ƙara. Tun 2013 suka soke wannan damar ga masu neman ziyarar 'yan'uwa. Na karanta sau uku ina neman inda ya yi mana rashin adalci, ban samu ba. Ejan kuwa ya ce ƙaddara ce, mu ƙara kuɗi a sake gwadawa.

Asarar fam 115 da kuɗin ejan ba su ne suka dame ni ba. Lokaci ne. Tun Yulin 2012, zamanin da Theresa May ke ministar cikin gida, dokar ita ce mai son kawo mata ko miji ya nuna yana samun fam 18,600 a shekara. Albashina a ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki fam 25,000 ne, na wuce layin da nisa. Ranar 4 ga Disamba, 2023, ina tsakiyar haɗa akwatunan lefe, minista James Cleverly ya sanar cewa za a ɗaga adadin zuwa fam 38,700. Aka yi ta surutu, sai suka ce za a fara da fam 29,000. Na ji labarin, na ce ai da sauran lokaci. Ranar 6 ga Fabrairu harajin lafiyar ya tashi daga 624 zuwa fam 1,035 a shekara. Ranar 11 ga Afrilu, 2024, washegarin ƙaramar sallah, sabon adadin albashin ya fara aiki. Duk wanda ya shigar da takardarsa kafin ranar, da tsohon ma'auni aka auna shi.

Da aka hana mu ta ziyara sai muka tashi a guje. Akwai jarrabawar Turanci da dole ta ci, matakin farko da suke kira A1, magana da saurare ne kawai, minti ashirin ma ba ta kaiwa, ita da wani ɗalibin a gaban mai jarrabawa. Matata na da NCE, ta karanta Turanci tun firamare, amma Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da suke ɗauka a matsayin masu Turanci. Jamaika na ciki, Barbados na ciki, mu babu. A cikin takardun karatu, digirin da aka yi da Turanci ne kawai ke ɗauke wa mutum jarrabawar, shi ma sai hukumar da ke tantance takardun karatu ta tabbatar da shi. Akwai kuma gwajin tarin fuka, hoton ƙirji, a asibitin da suka amince da shi kaɗai. Ta hau jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja da azumi a bakinta, ita da ƙanenta, aka yi hoton. Ranar jarrabawar da muka samu kuwa ta faɗa bayan sallah. Da kwana tara muka makara. Garin neman gira muka rasa ido.

Wanda albashinsa bai kai ba yana iya cikewa da ajiya, amma ka ji lissafin: in da ajiya kaɗai za ka dogara, fam 88,500 ake so, kuma su yi wata shida cur a asusunka. A canjin lokacin kuɗin sun haura naira miliyan 150. Wa ke da su? Sai na shiga neman wani aikin. Na samu a watan Yuni, fam 31,000, a wani gari da nake tuƙin minti hamsin kafin in kai. Sabon aiki kuma yana nufin sabon jira, don sai ka tara takardar albashi ta wata shida a wuri ɗaya, kowace ta dace da abin da ya shiga banki har zuwa kobo, ga wasiƙar shugaban wurin aiki tana tabbatarwa. Kafin wata shidan su cika, takardar tarin fukar ta mutu, don ita ma wata shida take yi. Aka sake komawa Abuja. Ɗakin da nake haya a gidan haɗaka shi ma na bar shi na kama ciki da falo, fam 780 a wata, na yi wata takwas ina biya ni kaɗai ina kallon bango, don a sami wasiƙar mai gida da ke cewa wurin zai ɗauki mutum biyu.

Inda na fi so iyaye su saurara shi ne batun hujjar aure, don nan al'adarmu da tasu suka yi hannun riga. Suna karɓar auren da aka ɗaura a Musulunce matuƙar doka ta amince da shi a inda aka ɗaura, amma suna son takarda. Mu kuwa liman ya ɗaura, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, maroƙi ya sanar, an raba goro da alawa, shi ke nan. Ba wanda ya tuna da takarda sai da muka nema, aka koma kotun shari'a da shaidu aka rubuta. Da ta fito, sunanta akwai "tu" a ƙarshe, a fasfo babu. Aka sake komawa. Duk abin da ba da Turanci yake ba kuma sai an kai wa tafinta mai hatimi ya fassara.

Sai hotuna. Na buɗe na ɗaurin aure, sun fi ɗari biyu, maza ne zalla cikin manyan riguna, babu amarya ko a guda. Na kamu da na walima kuwa mata ne zalla, ba ni. Inda muke tare bai wuce hoto biyar ba, a uku daga ciki fuskarta na lulluɓe. Lauyar da na ɗauka a nan daga baya, wadda ke da rajista (a Ingila laifi ne mutum ya buɗe sana'ar ba da shawara kan shige da fice ba tare da rajista ba, ba kamar gida ba inda duk mai firinta ejan ne), ta sa na rubuta shafi guda ina bayanin yadda Bahaushe ke aure: me ya sa amarya ba ta zuwa masallaci, wane ne waliyyi, mene ne sadaki, nawa aka biya, wa ya karɓa. Ta kuma ce mu kawo wani ɓangare na hirarmu ta WhatsApp da jerin kiran waya. Nan matata ta tubure. Hirar miji da mata a buga a takarda a kai wa baƙo ya karanta? Kwana uku muna wannan. Daga ƙarshe ita ta zaɓo da hannunta, shafuka goma sha biyu, yawanci gaisuwa ce da batun cefane da jikin Hajiya. Da fassarar ta dawo sai na ga ko'ina tafinta ya rubuta tana ce mini "babban wana". Mahaifinta aminin mahaifina ne, tun tana yarinya Yaya take ce mini, kuma ko yanzu ba ta kama sunana. Ka duba: mun ƙi yin ƙaryar cewa ni ɗan'uwanta ne, ga takardunmu na gaskiya suna neman faɗin haka da kansu. Sai da aka ƙara bayani a ƙasa cewa a wajenmu mace na kiran mijinta haka don kunya da girmamawa.

Ni dai wahalata ta kuɗi ce da aiki. Wadda ta ɗauki nauyin gaske ita ce. Ta tare a ɓangarena na gidanmu, aka jera mata gado da kujeru da kwanuka na miliyoyin naira waɗanda ko cokali ɗaya bai hau jirgi ba (wannan ma iyaye su duba, da an rage an ba su kuɗin sun sa a biza). Wata uku na farko kowa na ce mata amaryar Landan. Da aka shiga na takwas sai tambayar ta sauya. A gidan suna wata ta ce mata, cikin dariya, "Ko dai akwai Baturiya ne a can?" Wata ta ce wai ana yin haka, a ajiye ta gida ta yi wa uwa hidima. Ba ta gaya mini ba sai da ƙanwata ta tsegunta mini. Na zo da babbar sallah na yi kwana goma sha biyu kafin in fara sabon aikin, na je gaida surukina. Bai yi faɗa ba. Ya bari na gama kame-kamena, sai ya ce: "Da ka ce mini shekara biyu tun farko, da na ba ka ita duk da haka. Amma da na san abin da zan riƙa gaya wa mahaifiyarta." Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Saboda haka, iyaye, tambayar wanda ya zo daga waje neman 'yarku wace irin takarda yake riƙe da ita ba cin fuska ba ne. Bizar auren da nake magana a kai ta wanda ya zama ɗan ƙasa ce ko mai zaman dindindin. Wanda ke kan bizar aiki ko ta karatu wata hanyar daban yake bi, kuma an toshe ta ga mutane da yawa: tun Janairun 2024 ɗalibi ba ya kawo iyali sai in karatun bincike yake yi kamar digirin digirgir, kuma tun 11 ga Maris, 2024 sabbin masu zuwa aikin kula da tsofaffi ba sa kawowa. Yaranmu da yawa ta waɗannan ƙofofin biyu suka shigo. A tambaye shi albashinsa ya kai 29,000 ko bai kai ba; gwamnatin Labour da ta hau a Yulin 2024 ta dakatar da ƙarin zuwa 38,700, amma ba ta mayar da shi baya ba. A tambaye shi ko yana da mata a can, don dokarsu ba ta yarda a shigo da mata ta biyu ba matuƙar ta farkon ta taɓa shiga ƙasar a matsayin matarsa kuma auren na nan. Wanda ya ce zai san yadda zai yi, to zaman Zariya ko Kano ya yanka wa 'yarku bai faɗa ba. Yarinyar da ba ta cika shekara 18 ba ma ba a duba takardarta. Kuma dole ma'auratan su taɓa haɗuwa ido da ido. Auren da aka ɗaura ango na kallo ta bidiyo, bai taɓa ganin amarya ba, ba ya wucewa.

A watan Janairun 2025 muka shigar. Fam 1,846 na biza, fam 3,105 na lafiya, kusan naira miliyan goma a canjin lokacin, ban da lauya da tafinta da jirgin ƙasa. In an hana ka, na lafiyar ake dawo maka da su, na bizar sun tafi. (A Afrilun 2025 ma kuɗin bizar ya koma fam 1,938.) Ta je Abuja aka ɗauki hoton yatsunta, aka ce a jira sati goma sha biyu. A na goma sha ɗaya, ina wurin aiki da safar hannu, waya ta yi ƙara. Ba ta iya magana ba, sai guɗar Hajiya nake ji a bayanta.

Ta sauka a Heathrow da akwati biyu, ɗaya rabinsa kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Kilishi da man shanun da gwaggonta ta ƙulla mata na sa ta bar su a gida, don ba a shigo da nama ko kayan nono daga wajenmu. Wata 33 aka ba ta. Tana da izinin aiki, ba ta da izinin karɓar tallafin gwamnati. Kafin su ƙare za mu sake nema na wata 30, da sabon kuɗi, da jarrabawar Turanci ta mataki na gaba, A2, da hujjar cewa tare muke zaune, sai ta cika shekara biyar kafin a yi maganar zaman dindindin. Wannan karon ita ke riƙe da lissafin. Ta sa an ƙara sunanta a takardar harajin gunduma da ta wuta da ta ruwa, kuma duk wasiƙar da ta faɗo ta ƙofa da sunayenmu biyu, ba na ko gama buɗewa take karɓewa. Ƙaramar jakar cikin saitin akwatunan lefenta, wadda aka zuba sarƙa da turare a ciki, yanzu a nan take tara su, wata-wata, da roba a ɗaure.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani ɗan Zariya mazaunin Coventry, Ingila.